Igiyar Baba Ilu

Ƙannena, ba zan faɗa muku sunana ba. Mutanen Wudil da suka san ni sun riga sun sani, waɗanda ba su san ni ba kuwa babu abin da sunan zai ƙara musu. Abin da nake so ku riƙe shi ne, ni ba a gidan ɓarayi aka haife ni ba. Mahaifina malamin firamare ne, ya rasu ina aji biyu a sakandare, ya bar ni da Inna a wani gida mai ɗaki biyu kusa da kogi. Har na kai shekara ashirin da bakwai ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Abin da aka san ni da shi tun ina yaro shi ne shegen son gyara abu. In rediyo ta lalace sai na buɗe cikinta, in famfo yana ɗiga ba na iya wucewa. Inna takan ce hannuna ba ya jin magana, amma tana faɗa tana murmushi.

Bayan rasuwar mahaifina, mutum ɗaya ne bai ɗauke ƙafa daga gidanmu ba, wato Baba Ilu, amininsa tun na ƙuruciya. Masunci ne, gajere, mai ƙaramar murya, kullum rigarsa tana ƙarnin kifi. Duk ranar Juma'a zai zo da kansa, ya tsaya a zaure ya yi sallama, ya miƙa kifi a leda ya juya. In Inna ta yi godiya sai ya ce ai ragowa ne. Ban taɓa ganin ragowa mai girman wannan ba. Bai taɓa kirana da sunana ba, kullum sai dai ya ce "ɗan abokina".

Da na gama difloma a Kano, Allah ya taimake ni na sami aiki a wani ƙaramin banki da ke da reshe a Wudil. Aikina shi ne yawo. In bi Darki, in bi Utai da ƙauyukan da ke tsakani, ranar Juma'a kuma in kafa tebur a bakin kara inda ake cinikin shanu, ina buɗe wa mutane asusu, ina taya su ajiya da cirewa da 'yar na'urar nan ta hannu. Albashin ba yabo ba fallasa. Mu bakwai ne a reshen, kuma da azahar a tabarma ɗaya muke cin shinkafa da wake a bayan banki. A nan kowa ke zazzage abin da ya dame shi a aiki, a yi ta gardama har a samo mafita. Anti Rabi, kashiyarmu, wadda ta girme mu duka, a kan tabarmar nan ta kawo shawarar a ware wa tsofaffi layinsu daban a sa musu benci. Babu wanda ya ba ta ko sisi, babu kuma wanda ya yi tunanin a ba ta. Mun dai ga tsofaffi sun huta, mun ji daɗi.

Ni abin da ya fi damuna shi ne lambar sirri. An ba mutum katin cirar kuɗi, an ce ya riƙe lambobi huɗu a kansa, mutumin da bai taɓa riƙe alƙalami ba. In ya kuskure sau uku katin ya kulle. Sai ka ga dattijo ya biya kuɗin mota daga Utai, ya bar gonarsa, ya wuni a banki don a buɗe masa, bayan sati biyu ya sake dawowa yana jin kunya. Wasu kuma a gaban jama'a suke faɗa wa mai na'ura lambar da ƙarfi. Abin yana ci min rai, na rasa yadda zan yi.

Wata rana da la'asar na gangara bakin kogi gai da Baba Ilu, na same shi yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi. A wuyan hannunsa akwai wata 'yar igiya mai reshe huɗu, kowane reshe da ƙulle-ƙulle. Na sha ganinta, na ɗauka laya ce. Ranar dai na tambaye shi. Ya yi dariya ya ce, "Wace laya, ɗan abokina? Littafina ke nan. Wuri huɗu nake kafa gurar kama kifi a kogin nan. Wannan reshen na wurin farko ne, ƙulli uku, gura uku ke nan. Wannan babu ƙulli, ban kafa komai a can ba. Ko da ido rufe in na shafa na san abin da na bari a ruwa. Haka kakana yake yi."

Reshe huɗu, lambobi huɗu. Ban san lokacin da na zauna a kan yashi ba. Na yi masa bayanin abin da ke damuna, ya saurara har na gama, sannan ya jawo zare ya koya min irin ƙullin, wanda in an ja shi ƙara tsukewa yake yi, ko ya jiƙe ba ya zamewa. Shi ya ce a sa ɗan dutsen ado a reshen farko don a san ta inda za a fara. Igiyoyi hamsin na farko da hannunsa ya tufka su. Da na miƙa masa kuɗin zare sai ya ɓata rai, ya ce in mayar aljihuna kafin ya faɗa wa Inna.

Igiyar ta karɓu fiye da yadda na zata. Mata suka ɗaura a bakin zani, maza suka rataya a wuya cikin riga. Mutum zai zo gaban na'ura, ya sa hannu cikin riga ya shafa, ya danna lambarsa ba tare da ya buɗe baki ba. Kulle-kullen kati ya kusa ƙarewa a yankina. Amma akwai wani abu da ya kamata ku sani tun yanzu. A ƙa'ida mai asusu ne zai zaɓi lambarsa, ya ƙulla da hannunsa, ni in juya baya. Ku da kuka san mutanenmu kun san wannan ba zai yiwu ba. In na ce zan juya baya sai dattijo ya ce, "Haba ɗan nan, ni zan ɓoye maka? Kai ne fa ka san abin, ƙulla min kawai." A wurinsu ɓoye wa wanda ka yarda da shi cin fuska ne. Don haka ni nake zaɓa, ni nake ƙullawa. Saboda sauri kuma sai na riƙa ɗauko lambar daga jikin katin ta wata hanya da ni kaɗai na sani. Allah ne shaidata, a lokacin babu mugun nufi a raina.

Ana nan sai takarda ta zo daga hedikwata. Manaja ya tara mu ya karanta: daga yanzu duk bayan wata uku za a ba da kyautar kuɗi mai tsoka ga ma'aikacin da ya kawo sabuwar dabara, reshensa da manajansa ma za su sami nasu kason. Muka yi tafi. Abin da ban lura da shi ba sai daga baya shi ne, daga makon nan tabarmar azahar ta mutu. Ana zuwa a ci abinci, amma hira ta koma ta ƙwallo da tsadar mai. Kowa ya ɗinke bakinsa, kada ya faɗi wani tunani wani ya riga shi rubutawa. Ni da kaina na fara kulle durowata, alhali babu komai a ciki sai zare.

Na cike fom na aika da labarin igiya. A ƙasan fom ɗin akwai wani layi da aka ce a rubuta sunan duk wanda ya taimaka wajen samo dabarar. Na riƙe biro a kan layin nan na ɗan lokaci. Na ce a raina, Baba Ilu ai ba ma'aikaci ba ne, bai ma san ana yi ba, kuma in na sa sunansa ƙila a ce dabarar ba tawa ba ce. Na bar layin babu komai. A kotu ba a tuhume ni da wannan ba, amma ni na san nan ce satata ta farko.

Na ci kyautar. Aka kira ni Kano, aka ɗauke ni hoto ina riƙe da wani faffaɗan kwali, aka tura min abin da ya fi albashina na wata da watanni. Na sayi babur, na yi wa Inna ɗinki, na kai wa Baba Ilu hula ɗaya. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi ta sa min albarka, ya bi masunta ɗaya bayan ɗaya yana cewa ɗan abokinsa ya ci kyauta a banki. Bai tambaye ni kyautar mece ce ba, ni kuma ban faɗa ba.

Daga nan kaina ya fara rawa. Abokan aiki suka sa min suna Injiniya, ni kuma ina amsawa har da gyara zaman hula. Wata uku kamar kwana uku, ga fom ya sake zuwa. Na zauna in yi tunani, babu abin da ya zo. A da mutane nake kallo, in ga abin da ke wahalar da su, dabara ta zo da kanta. Yanzu fom nake kallo. Ga shi kuma masu yanke hukunci a hedikwata sun gaji da auna dabarun da ba su san ƙauyukansu ba, suka ce daga yanzu dabarar da ta fi sa asusu motsi a kowane wata ita za ta ci. To asusun manomi sau nawa yake motsi? Da kaka ya zuba, da faɗuwar damina ya cire ya sayi taki. Sauran watanni barci yake yi, kuma barcin nan shi ne amfaninsa.

Sai na ƙirƙiro abin da na kira akwatin amana. Gaskiya ne mutane suna zubar da kati, wasu a wanke shi a aljihu, wasu ya karye a ƙasan tabarma. Na ce a riƙa ajiye katunan a akwatin ƙarfe a wurina, igiya kuma tana wurin mai ita. Kati a nan, lamba a can, babu mai iya taɓa kuɗi sai an haɗu. A takarda abin gwanin kyau. Da na gabatar a ofis, Anti Rabi ta cire tabarau ta dube ni ta ce, "Ƙanina, kati a wurinka, igiya a wurinsu. To wa ya ƙulla igiyar?" Kafin in buɗe baki manaja ya ce, "Anti, kada ki kashe wa yaro gwiwa. Irinsu hedikwata take nema." Ta mayar da tabaranta ta koma kan aikinta. Mutane kuwa da murna suka kawo katunansu, don ba wa amintacce ajiya ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Baba Ilu ne na uku a layi.

Ranar da na fara, na tuna, bayan la'asar ne kasuwa ta fara watsewa, ina zaune a teburina babu kowa. Na ɗauko kati biyu, na tura kuɗi daga wannan zuwa wancan, na sake mayar da su. Babu abin da ya ragu sai ɗan cajin da ake cirewa, shi ma na cike daga aljihuna. Na ce ai ban cuci kowa ba, motsa jini kawai na yi wa asusun. Kafin wata ya ƙare na motsa jinin akwatin gaba ɗaya. Masu waya a cikinsu suka fara zuwa da saƙonnin Turanci suna tambayata ko mene ne. Na ce tallan kamfanin waya ne, su goge. Suka goge, har suna yi min godiya.

Na ci kyauta ta biyu, na ci ta uku. Aka ce in je in yi wa sababbin ma'aikata lacca a kan ƙirƙira. Na tsaya a gabansu da kwat, na yi magana ta awa guda, ban ji kunyar Allah ba. Na daina cike cajin daga aljihuna, don na ga babu mai lura. Sannan wata rana kuɗi suka tashi daga wani asusu, maimakon su sauka a na maƙwabcinsa sai suka sauka a wurina. Kada ku ce yunwa ce ko rashin lafiyar wani nawa. Mota na gani, na ga bai dace gwarzon banki sau uku yana yawo a babur ba. Na sayi motar, na ce in kyauta ta huɗu ta zo zan mayar. Kyauta ta huɗu wani reshe ya ci, ta biyar kuwa aka ce an dakatar da tsarin sai an sake nazari. Ni kuma hannuna ya riga ya saba.

Ga abin da ya fi muni. Ba kowane asusu nake taɓawa ba, zaɓa nake yi. Ina neman wanda ba ya zuwa tambaya, wanda ba zai taɓa cewa a duba masa ba, wato wanda ya fi yarda da ni. A duk akwatin babu wanda ya kai Baba Ilu. Shekaru yana zuba 'yan canjinsa don ya sayi sabon kwalekwale, bai taɓa cire ko kwabo ba. Na cinye asusunsa kaɗan-kaɗan har ya ƙare, kuma a duk tsawon lokacin nan kifinsa bai daina zuwa gidanmu ranar Juma'a ba. Ina ci.

A shekarar ne idonsa ya fara ba shi matsala. Babbar 'yarsa Hansai, wadda ke aure a Darki, ta kai shi asibitin ido a Kano. Likita ya ce hawan jinin ido ne, na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma in an yi aiki da wuri za a tsare abin da ya rage, amma duk abin da ya tafi ba ya dawowa. Ranar Juma'a ya zo teburina, muka gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi gajiya, sannan ya ce, "Ɗan abokina, kwalekwale ya jira. A ciro min kuɗin nan duka, ido za a gyara."

Na ɗauko na'ura na yi ta danne-danne, na ɗaga ta sama kamar mai neman wani abu, na ce, "Baba, yau babu sabis." Ya ce babu komai, Allah ya kai mu wata Juma'ar. Wata Juma'ar na ce ana gyara a hedikwata. Ta uku na hango shi tafe yana laluben hanya tsakanin shanu, na ɗauke akwatina na zagaya ta bayan masu awaki. Sati uku ke nan na ci daga idon mutumin nan. A cikinsu na sa motar a kasuwa, amma ina ta jan ciniki don kada in faɗi da yawa. Ku ji fa, ina jan ciniki.

Hansai ce ta gaji. Ta zo da shi har banki ta ce a ba su katin, za su gwada a wani wuri. Babu yadda zan yi, na miƙa. Suka tafi wurin wani mai na'ura a bakin gada. Bayan kamar awa ɗaya suka dawo, ina tsaye kusa da tagar Anti Rabi. Na shirya jin zagi, na shirya jin kururuwa. Baba Ilu ya matso ya kama hannuna, ya rage murya don kada ya kunyata ni a wurin aikina, ya ce, "Ɗan abokina, ka yi haƙuri na dame ka. Mai na'urar ya ce wai babu komai a ciki. Na san ni ne na yi kuskure, tsufa ya zo, ƙila na shafa igiyar ta baya ne ya buɗe na wani. Duba min ita." Ya ciro ta daga wuyansa ya sa a tafina.

Igiyar daidai take. Uku, babu, biyar, biyu. Ni na zaɓi lambar, amma tasa igiyar shi ya ƙulla da hannunsa. Na tsaya riƙe da ita. Anti Rabi ta miƙo hannu ta taga ta karɓi katin, ta duba a kwamfuta, ta daɗe tana kallo. Da ta ɗago idonta ya cika da hawaye. Ta ce wa Baba Ilu ya zauna a benci, a kawo masa ruwa. Sannan ta ce da ni, "Ƙanina, kai ma zauna. Kada ka fita."

Sauran labarin irin na kowane ɓarawo ne. 'Yan bincike suka zo, aka buɗe akwati, aka tafi da ni a bayan mota ana kallo. Manaja ya rantse bai taɓa jin labarin akwatin ba, duk da haka aikinsa bai tsira ba. Na amsa laifina a gaban alƙali, ya ba ni shekara biyar. Banki ya mayar wa kowa kuɗinsa, amma sai da aka gama bincike, kuma binciken ya ci wata bakwai. A cikin watannin nan masunta sun so su yi wa Baba Ilu karo-karo, ya hana. Ya ce yana da kuɗinsa a banki, kuskure ne aka samu, ɗan abokinsa zai fito ya gyara. Sai da Hansai ta je kotu ta ji da kunnenta na ce ni ne, sannan ya yarda. Ranar da kuɗinsa suka dawo, likita ya duba ya ce babu sauran abin da za a tsare.

Inna ta zo gidan yari sau ɗaya. Ba ta yi faɗa ba. Ta dubi hannuwana ta cikin waya ta ce, "Ashe da gaske ba sa jin magana." Wannan karon babu murmushi. Ta bar gidanmu ta koma wurin ƙaninta a Utai, don ba za ta iya haɗa hanya da iyalan Baba Ilu ba. An ce har yau ba ta cin kifi.

Ba zan cika ku da labarin zaman kaso ba, wuri ne da ba na yi wa maƙiyina fatansa. Abu ɗaya zan faɗa. A ɓangarenmu famfo ɗaya ne, kullum sai an ba hammata iska a kan layi, masu ƙarfi su ɗiba, tsofaffi su tashi babu. A shekarata ta biyu na tara marafan kwalba, kowa ya yi wa nasa alama, na zura su a waya na rataye kusa da famfon. Wanda marfinsa ke gaba shi zai ɗiba, in ya gama a mayar da shi baya. Faɗa ya ragu. Wani tsoho ya cika bokitinsa, ya dube ni ya ce Allah ya yi min albarka. Babu fom, babu hoto, babu kwali. Na koma gefe na yi kuka sosai, don na tuna wannan daɗin na ji ranar da na zauna a kan yashi gaban Baba Ilu, kuma ni da hannuna na sayar da shi.

Ranar da aka sallame ni, da hantsi na sauka a tashar Wudil. Ban nufi Utai ba, na gangara unguwar masunta. Na same shi a ƙofar gidansa, zaune a kan buzu, koma a cinyarsa, yana ɗinki da lalube. Na yi sallama. Ya tsayar da hannu ya ce, "Ɗan abokina ne?" Na durƙusa na kama ƙafarsa, duk abin da na shekara biyar ina shiryawa ya gudu, sai kuka. Ya bar ni na yi mai isata. Sannan ya tambaye ni lafiyata, ya tambaya ko na ci abinci, ya ce ko na je na ga Inna.

Na ce, "Baba, ka yafe min."

Ya ce, "Na yafe tun kana ciki. Ido na Allah ne, ya ba ni aro ya karɓa. Kwalekwalen ma na saya, mijin Hansai ke shiga da shi." Ya shafa komar, sannan ya ce, "Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai. Rabi ta faɗa min a kan igiya aka ba ka kyautar farko. Wannan bai dame ni ba, ai don kai na koya maka. Amma ka san duk ƙauyen da ka bi, mutane sun tsinke nasu sun zubar? Sun koma faɗar lambarsu da ƙarfi a kasuwa. Yanzu in an ga igiya mai ƙulli sai a ce dabarar ɓarawon banki. Jikana ya ce in cire tawa, ana yi masa dariya. Ba ta ɓarawo ba ce, ɗan abokina. Ta kakana ce."

Da zan tafi ya kira Hansai, wadda ta zo ganinsa ranar, ya ce ta sa min kifi a leda in kai wa Inna. Hansai ta miƙo ba ta dubi fuskata ba, kuma ban ga laifinta ba.

Yanzu ina da 'yar rumfa a bakin titi ina gyaran rediyo da fitila da injin ban ruwa. Abin da na samu in ci, in aika wa Inna. Na tuba, ina kuma roƙon Allah ya karɓa.

Ƙannena, musamman ku masu kaifin ƙwaƙwalwa da kuke shirin shiga banki ko wani ofis, ban ce kyauta haramun ba ce. In kun yi abin kirki aka ba ku, ku karɓa ku gode. Amma duk ranar da dabara ta zo muku, ku tambayi kanku wa za ta sauƙaƙa wa rayuwa. In kun duba ba ku ga fuskar kowa ba sai ta masu ba da kyauta, ku ajiye ta. In wata Anti Rabi ta yi muku tambayar da ba ku so, ku tsaya ku amsa. In kun ji kanku kuna cewa "zan mayar", ku sani kun riga kun ɗauka. Ku kuma manya masu tsara kyaututtukan nan daga ofis mai sanyi, abin da kuka sa wa farashi shi za a kawo muku. Kun nemi motsi, na kawo muku motsi, ba wanda ya zo Darki ya tambayi manomi ko shi ya motsa. Wannan ba ya wanke ni, hannuna ne ya danna.

Ba zan iya mayar wa Baba Ilu idonsa ba. Abin da ya rage a hannuna layin nan ne da na bari babu komai a ƙasan fom, kuma shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Duk wanda ya ga igiya mai reshe huɗu da ɗan dutsen ado a wuyan wani dattijo, kada ya kira ta da sunana, ni sata kawai na yi da ita. Mai dabarar shi ne Ilu masunci, na bakin kogin Wudil, shi ma a wurin kakansa ya gada.